Javed Iqbal na Lahore: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara wa Gishiri

Duk bayan ɗan lokaci sai labarin ya sake ɓullowa a Facebook da WhatsApp: wai a Pakistan an kama wani mutum da ya kashe yara 100, aka shaƙe shi a gaban iyayensu, aka daddatsa gawarsa gida 100, aka narkar da ita cikin asid. Mutumin dai an yi shi, sunansa Javed Iqbal, mazaunin birnin Lahore. Sai dai labarin da ke yawo ya cuɗanya gaskiya da ƙarya.

Hukuncin da ake ambatawa gaskiya ne an yanke shi. A ranar 16 ga Maris, 2000, alƙali Allah Bakhsh Ranjha ya ce a shaƙe Iqbal da sarƙar da ya riƙa shaƙe yaran, a yanka gawarsa gunduwa 100, a zuba a asid. Amma ba a taɓa zartar da shi ba. Ministan cikin gida na lokacin, Moinuddin Haider, ya fito ya ce gwamnati ba za ta yarda da irin wannan hukunci ba, majalisar da ke ba gwamnatin ƙasar shawara kan al'amuran Musulunci kuma ta ce wulaƙanta gawa ya saɓa wa shari'a. Ana cikin jiran ɗaukaka ƙara, a watan Oktoba na 2001, aka tsinci gawarsa da ta ɗaya daga cikin waɗanda suka taimaka masa wajen laifin a kurkukun Kot Lakhpat. Hukuma ta ce rataye kansu suka yi da zanin gado, amma binciken likita ya gano alamun duka a jikinsu.

Batun cewa ƙwazon 'yan sanda ne ya kai ga cafke shi ma ba haka yake ba. Shi ya tona wa kansa asiri. A ƙarshen 1999 ya aika wasiƙa ga 'yan sanda da wata jarida yana iƙirarin kashe yara maza 100, masu shekaru 6 zuwa 16, ya ce kuma zai faɗa kogin Ravi ya mutu. Aka yi ta laluben kogi a banza, aka shafe kusan wata guda ana farautarsa. A ranar 30 ga Disamba, da ƙafarsa ya shiga ofishin jaridar Jang ya miƙa wuya, don a cewarsa yana tsoron 'yan sanda su kashe shi.

To, an ga gawarwaki 100? A'a. Abin da aka tarar a gidansa da ke titin Ravi shi ne duro biyu na asid da ragowar sassan jiki a ciki, da hotunan yara, da tarin tufafi da takalma, da littafin da ya rubuta sunayensu da shekarunsu. Iyaye suka yi ta layi suna tona ƙunshin tsummokara, wannan ta gane rigar ɗanta, wancan ya ga fuskar nasa a hoto. Adadin 100 daga bakinsa da alƙalaminsa ya fito. Da aka je kotu kuwa sai ya canza magana, ya ce ƙirƙirar labarin ya yi don ya jawo hankali ga halin da yaran titi ke ciki. Kotu ba ta saurari wannan ba.

Masu cewa mahaukaci ne da ke gararamba a titi su ma sun yi kuskure. Ɗan attajiri ne, yana da kuɗi da gida. Ya buɗe shagon wasannin bidiyo don yara su saba da shi, ya riƙa zuwa wurare masu cunkoso irin hubbaren Data Darbar yana yaudarar waɗanda suka gudo daga gida da alkawarin abinci da aiki. Mai tanadin asid, mai ɗaukar hoto, mai ajiye lissafi, ya san abin da yake yi sarai.

Shi dai ramuwar gayya ya kafa hujja da ita. Ya ce an yi masa mugun duka, 'yan sanda suka zalunce shi, mahaifiyarsa ta mutu da baƙin ciki, shi ya sa ya yi alwashin sai uwaye 100 sun yi kuka. Amma tun a 1985 da 1990 an kai ƙararsa kan lalata da yara, ba a kuma hukunta shi ba. Ke nan ɓarnar ta riga uzurin.

Akwai kuma gaskiyar da masu yaɗa labarin ba su cika ambata ba. Cikin 'yan watanni yara da dama suka ɓace a birni guda, ba a buɗe wani babban bincike ba sai da wasiƙarsa ta iso. Galibinsu 'ya'yan talakawa ne da ke kwana a titi, kuma iyaye da yawa sun koka cewa sun je caji ofis tun da farko, ba a kula su ba.