MAI GIDA YA JANYE TAYIN SABUNTA HAYA: INA MATSAYIN ƊAN HAYA?

Daga Wakilinmu, Kafanchan

Duk wanda ya san Gidan Waya, a ƙaramar hukumar Jama'a, ya san cewa Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna ita ce ke riƙe da kasuwar ɗakunan haya a garin. In an buɗe makaranta ɗaki ya yi tsada, in an rufe masu gidaje su shiga neman wanda zai zauna. Kafanchan kuwa ta saba da baƙi tun da layin dogo ya iso ta a shekarun 1920, saboda haka ba yau aka fara jin ƙarar mai gida da ɗan haya a wannan yanki ba. To, amma akwai wata irin rigima da ke yawan tasowa gab da ƙarewar shekarar haya, wadda ta kamata jama'a su san hukuncinta tun kafin ta same su.

Ga yadda abin yakan faru. Mu ɗauka malamin makaranta ne, ko mai shagon buga takardu kusa da ƙofar kwaleji, saura wata biyu hayarsa ta ƙare. Sai mai gida ya tare shi ya ce, in kana son wata shekara, ga kuɗin da za ka biya. Ɗan haya ya ce to, bari ya yi shawara. Ana nan sai dillali ya kawo wa mai gida wanda zai biya fiye da haka, shi kuwa ya aiko cewa ya fasa, a ba shi ɗakinsa. Ga yara a makarantar unguwa, ga masu ciniki sun saba da wurin, ga kuɗin da aka kashe wajen gyara. Shin ɗan hayan nan yana da abin cewa a gaban alƙali?

TAYI DABAM, CINIKI DABAM

Amsar tana rataye ne a kan abu guda, wato ko ya karɓi tayin kafin a janye shi. Kowa ya san al'adar kasuwa: muddin mai kaya bai ce ya sallama ba, ciniki bai faɗa ba, kowa yana iya kama gabansa. Haka dokar yarjejeniya take a kotunan Nijeriya. Wanda ya yi tayi yana da ikon janyewa kafin a karɓa, da sharaɗin labarin janyewar ya isa ga wanda aka yi wa tayin. Cewa "bari in yi shawara" ba karɓa ba ce. Haka nan wanda ya ce ya yarda amma a rage masa wani abu, shi ma bai karɓa ba, sabon tayi ya kawo, kuma ya kashe na farko da bakinsa.

Amma idan ɗan haya ya ce ya yarda, bisa ga kuɗi da wa'adin da aka faɗa, tun kafin mai gida ya fasa, to magana ta ƙullu, balle ma in ya ba da kafin alƙalami an karɓa. Daga nan mai gida ba shi da ikon warware ta shi kaɗai don ya ga wanda ya fi tsoka. Hayar da ba ta wuce shekara 3 ba tana iya ƙulluwa ko da baki ne, sai dai wahalar tana wajen shaida, domin ranar da aka je kotu kowa nasa zai faɗa. Rasit, ko wasiƙa, ko saƙon waya, ko takardar banki, su ne ke raba gardama.

Akwai kuma waɗanda tun a takardar farko aka rubuta musu cewa suna da zaɓin sabuntawa idan wa'adi ya cika. Wannan ya fi tayi ƙarfi nesa ba kusa ba, gama yana cikin abin da mai gida ya sa wa hannu, ba ya janyuwa. Sai dai kotuna suna tsanantawa a kan sharuɗɗansa. In an ce a sanar a rubuce wata 3 kafin ƙarewa, wanda ya bari sai ana saura mako ya yi wa kansa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

KO BA SABUNTAWA, AKWAI WA'ADI

Idan ta tabbata mai gida ya janye a kan lokaci, wannan bai ba shi damar watso kayan mutum waje ba. Bisa ga dokokin karɓar gidajen haya na yawancin jihohi, in ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, mai biyan mako yana da notis na mako guda, mai biyan wata na wata guda, mai biyan wata 3 na wata 3, mai hayar shekara-shekara kuwa na wata 6. Wanda aka yanka wa ranar shiga da ranar fita a takarda, hayarsa tana ƙarewa da kanta ran da wa'adin ya cika. Amma dukansu, bayan haka sai an ba su takardar kwana 7 mai nuna cewa mai gida zai kai ƙara, sa'an nan alƙali ya saurari kowa. Ma'aikatan kotu ne kaɗai ke fitar da mutum, su ma da umarnin alƙali.

Yaye kwanon rufi, ko sauya kwaɗo, ko yanke wuta, ko ɗebo 'yan tauri, duk doka ba ta san su ba, kuma ɗan haya yana iya neman diyya a kansu. Ko gwamnati ba a bar ta ba. A shekarar 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Jihar Ikko, wadda ta tura mutane da makamai suka fitar da Cif Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. In Gwamna mai bindiga bai isa ya yanke wa kansa hukunci ba, ina mai ɗaki 6 a Gidan Waya?

Sai dai kada ɗan haya ya ɗauka wannan mafaka ce ta har abada. A shekarar 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da iyalin Desbordes, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ɗan kuskure a cikin notis ba zai zama hujjar ci gaba da zama ba, tun da sammacin kotu kansa ya isa sanarwa. Har ila yau, duk kwanakin da mutum ya ƙara bayan ƙarewar haya, sai ya biya kuɗinsu. Batun gyara ma, wanda ke son a mayar masa da abin da ya kashe, sai ya nuna izinin mai gida a rubuce tun kafin ya sa hannu a aikin.

ABIN YI

Shawararmu ga 'yan haya ita ce, ran da aka yi maka tayi, in kana so, ka amsa a ranar, a rubuce, ka ajiye kwafi, ka biya ta hanyar da za ta bar shaida. In rigima ta taso, a fara da mai unguwa ko dattawan da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsu, domin sau da yawa abin da ake nema bai wuce ƙarin wata biyu ko uku a nemi wani wuri ba. In abin ya faskara, ga kotuna nan a Kafanchan, marar hali kuma yana iya neman shawara wurin Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Masu gidaje kuma su tuna alkawari kaya ne. Garin makaranta ƙarami ne, labari ba ya kwana. Wanda ya kori mai biya a kan kari saboda ƙarin da bai taka kara ya karya ba, wata rana za a rufe makaranta, ya wayi gari da ɗakuna a kulle babu mai tambaya.