Ginin Shafin Intanet A Mubi: Kuɗin Da Ɗan Kasuwa Zai Kashe Da Hanyar Da Magini Zai Sami Ciniki

MUBI, Jihar Adamawa — Garin Mubi ya daɗe da yin suna a harkar ciniki, musamman saboda kasuwarsa ta shanu wadda ke karɓar dabbobi daga Kamaru da Cadi, ana kuma loda su a manyan motoci zuwa kudancin Nijeriya. Bayan da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a ƙarshen watan Oktoba na 2014, aka kuma ƙwato shi a watan Nuwamba na wannan shekara, kasuwanci ya sake farfaɗowa. A halin da ake ciki, masu otal-otal da makarantu masu zaman kansu da manyan 'yan sari suna fuskantar wata tambaya da iyayensu ba su sani ba: nawa ne kuɗin mallakar shafin intanet, kuma ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Abu na farko da ya kamata ɗan kasuwa ya fahimta shi ne ba a sayen shafi sau ɗaya a huta. Lamarinsa ya fi kama da na shago: akwai kuɗin allon suna, akwai kuɗin haya, akwai kuma ladan magini. Biyu na farko duk shekara ake biyansu, na ukun ne kaɗai ake iya biya sau ɗaya. Rashin rarrabe waɗannan kuɗaɗe uku tun ranar ciniki shi ke haddasa saɓani tsakanin mai shafi da wanda ya gina masa.

Allon suna shi ne adireshin da mutum zai rubuta ya iso shafin. Kamfanin Verisign na Amurka, wanda ke riƙe da rajistar sunaye masu ƙarewa da .com, ya ɗaga farashinsa na sari zuwa dala 10.26 a shekara daga watan Satumba na 2024, kuma dillalan da ke sayar wa jama'a sukan ɗora ribarsu a kai. Sunaye masu ƙarewa da .ng kuwa suna hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma da Naira ake biyan kuɗinsu ta hannun wakilan da ta amince da su. Ga ɗan kasuwar da abokan hulɗarsa ke cikin ƙasa, suna mai ƙarewa da .com.ng ya fi sauƙin kuɗi, kuma aikinsu ɗaya.

Kuɗin haya shi ne abin da ake bai wa kamfanin da zai ajiye shafin a kwamfutarsa dare da rana. A nan ne darajar Naira ke shiga lissafi, domin ko kamfanonin cikin gida ma da yawansu da dala suke biyan kuɗin na'urori da lasisi. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a watan Yuni na 2023, dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin hukuma, amma zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Ma'ana, hidimar dala 10 da aka biya wa Naira 4,600 ta koma Naira 15,000 cikin wata takwas, ba tare da an ƙara mata komai ba. Maginin da ya yi wa abokin cinikinsa alƙawarin farashi ɗaya na shekaru da yawa, daga aljihunsa zai cike giɓin.

Sai dai akwai abubuwan da bai dace a caji mutum da tsada a kansu ba. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003 kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke aiki da ita, kyauta ce. Haka ma takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda ke kare bayanan da ke gilmawa tsakanin shafi da mai ziyara, tun 2015 ake ba da ita kyauta. Saboda haka babban kaso na kuɗin ƙaramin shafi, wato mai fuska huɗu ko biyar da ke nuna suna da kaya da hotuna da lambar waya da taswirar wuri, ladan hannu ne.

Wannan lada shi ma yana da nasa lissafi. Matashin da ke aikin a Mubi yana sayen fetur don janareta idan wuta ta ɗauke, kuma bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ƙara hawa. Har ila yau, a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na data. Wanda ya karya farashi don ya sami aiki bai sa waɗannan a lissafi ba, ƙarshenta ya bar aikin a rabi. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Wani zai ce Facebook da WhatsApp sun wadatar, tunda kyauta ne. Ga mai ƙaramin jari hakan gaskiya ne, kuma bai kamata a ruɗe shi ya kashe kuɗin da ba zai dawo ba. Amma a ranar 4 ga Oktoba, 2021, waɗannan kafafe sun tsaya cik na kusan awa shida a duk duniya, sannan Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022. Wanda ya ɗora dukkan cinikinsa a kansu zaman aro yake yi. Otal mai jiran baƙi daga Yola ko Maiduguri, da makarantar da iyaye ke son ganin sakamakon 'ya'yansu, da ɗan sarin da ke neman amincewar mai saye a Legas, su ne shafi zai fi yi wa rana.

Dangane da masu ginin shafi masu zaman kansu kuwa, Mubi ba ta rasa su ba, ganin cewa tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da kuma Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002. Da yawa sukan fara neman aiki a dandalin ƙasashen waje irin su Fiverr, inda ake cire kashi 20 cikin 100 a matsayin la'ada, kuma ake gogayya da ƙwararrun Indiya da Pakistan. A gida kuwa suna da abin da waɗancan ba su da shi: suna jin Hausa da Fulatanci, suna iya zuwa shago su ɗauki hoton kaya, kuma an san gidansu. Wanda ya ƙara da Faransanci zai iya yi wa mai hulɗa da Kamaru shafi cikin harsuna biyu.

A kasuwar da ake cinikin garken shanu bisa amana da shaidar dillali, talla mafi ƙarfi ita ce aikin da aka gani. Shafi biyu ko uku masu buɗewa da sauri a ƙaramar waya, waɗanda masu su za su ba da shaida a kai, sun fi takardun talla dubu. Bugu da ƙari, yin rajistar sunan sana'a a Hukumar Rajistar Kamfanoni yana ba magini damar buɗe asusun banki da sunan sana'arsa, abin da makarantu da ƙungiyoyi kan nema kafin su ba da kwangila.

Abin da ya rage shi ne yarjejeniya a rubuce. Ta fayyace jingar aiki da kafin alƙalami da ranar kammalawa, ta ware kuɗin shekara-shekara daban, ta kuma nuna cewa za su iya sauyawa da farashin dala. Mafi muhimmanci, a yi rajistar adireshin da sunan ɗan kasuwar, a kuma damƙa masa kalmomin sirri, domin adireshin da wa'adinsa ya ƙare ba a sabunta ba, wani na iya saye shi. Ɗan kasuwar da ya nemi a ba shi waɗannan sharuɗɗa ya tsare dukiyarsa, maginin da ya gabatar da su tun kafin a tambaye shi kuwa shi za a sake nema baɗi.