Aikin ungozomar likita: karatu, albashi da ci gaba

Yau hirarmu ta shafi aikin ungozomar likita, wadda wasu ke kira sajfam. Kai uba, ke uwa, in ɗiyarku tana lakwal, ku saurara da kyau.

Kun san haihuwa tana da yawa a ƙasarmu. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna mace guda a Nijar takan haifi ƴaƴa fiye da 7, a jihar Maradi kuwa fiye da 8. Amma ba kowace naƙuda ke zuwa da sauƙi ba. Wata jini ke ɓalle mata, wata jijjiga ke kama ta, wata kuma doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari. Asibitin yoyon fitsari na Danja, wanda aka buɗe a 2012, yana cikin gundumar Madarunfa, kuma matan da ke zuwa can shaida ne. Ungozoma mai ilimi ita ke gane haɗari tun wurin awo, ta aika mace babban asibiti kafin lokaci ya ƙure.

Tun shekarun 1960 aka fara horar da ungozomomin ƙauye a jihar Maradi. Sun yi ƙoƙari, amma horonsu gajere ne. Ungozomar likita kuwa karatu mai zurfi take yi.

Ina ake karatun? Gwamnati tana da makarantar ma'aikatan lafiya a Yamai, tana da wata a Damagaram. Akwai kuma makarantu masu zaman kansu. Karatun shekara 3 ne, ana haɗa aji da aikin hannu a gidan haihuwa. Yau yarinyar da ta samu bak ita ke da hanya mafi sauƙi. Saboda haka kada ku fitar da ita daga lakwal tun tana koleji. Kafin ku biya kuɗin makaranta mai zaman kanta, ku tabbata gwamnati ta yarda da takardarta.

To, albashi fa? Ku sani samun takarda daban, samun aiki daban. Da yawa sukan fara da bautar ƙasa ko aikin kwantaragi, kuma kuɗin kwantaragi bai kai albashi ba. Sai an ɗauke ta cikin ma'aikatan gwamnati, an ba ta lamba, sannan albashi ya tabbata. Ma'aikata suna rukuni-rukuni: A, B, C da D. Takardar da mutum ya samu ita ke sa shi cikin rukuninsa. Kowane matsayi yana da maki, kuma da makin ake lissafin albashi. A bisa ƙa'ida duk shekara 2 ana hawa mataki guda, albashi ya ƙaru. Bayan albashi akwai alawus, in ta tsufa kuma akwai fansho.

Ci gaba yana nan. Wadda ta fara a ƙaramar likita, kamar ta Ɗan Isa, ko Gabi, ko Safo, tana iya zama shugabar ɗakin haihuwa. Daga nan tana iya zuwa asibitin gunduma na Madarunfa, ko asibitin uwa da yaro na Maradi. In ta ci jarrabawa ta koma karatu, sai ta canza rukuni, ta zama mai koyarwa ko mai duba aikin sauran.

Amma mu faɗi gaskiya, aikin da wuya. Naƙuda ba ta san dare ba, ba ta san ranar salla ba. Ana iya tura ma'aikaciya ƙauye mai nisa da mijinta. Shi ya sa da yawa ke neman zama birni, ƙauye ya rasa. Ɗiyar da aka haifa a nan, wadda ta san harshenmu da al'adunmu, ita ta fi iya zama cikinmu, matanmu kuma ba su jin nauyin faɗa mata damuwarsu.

In kun taru a makarantar yaƙi da jahilci, ku tattauna: ɗiya nawa na garinku suka wuce koleji? Wa zai karɓi haihuwar jikokinku?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.