Wa ke biyan kuɗin makarantar gwamnati idan aljihun gwamnati ya bushe?

Tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa daga masu kiran waya a shirinmu na wannan mako, daga ɓangaren Jibiya da Illela har Ɗan Isa da Ƙonni: an ce makarantar gwamnati kyauta ce, to don me malami ba ya zuwa, rufin aji na yoyo, kuma kullum ana koro yaro gida a ce ya kawo kuɗin alli? Ga abin da muka tattauna, don wanda yana kiwo ko yana hanya lokacin shirin.

Mu fara da Najeriya. Kuɗin mai da na kwastan da harajin kamfanoni asusu ɗaya ake zuba su, a raba duk wata a Abuja. Tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Albashin malamin firamare daga kason ƙaramar hukuma yake fita, ta hannun hukumar SUBEB ta jiha. Sakandare kuwa, in ka cire 'yan tsirarun na tarayya, nauyin jiha ce. Jihohinmu na kan iyaka harajin da suke tarawa da kansu kaɗan ne, da rabon Abuja suka dogara. Rijiya ɗaya ce garke uku ke sha, in ruwa ya ja kowa sai ya ji a jikinsa.

An ga haka ƙarara. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100, a Janairun 2016 ta faɗi ƙasa da 30. Jihohi da dama suka kasa biyan albashi na watanni, sai da gwamnatin Buhari ta ba su bashin ceto a 2015. Kuma yankan yana da tsarinsa: a fara dakatar da gini da gyara, a daina sayen littattafai da kujeru, malami ya yi ritaya ba a ɗauki wani ba. Kafin a kai ga taɓa albashi, makarantar ta riga ta rame.

Akwai wani kuɗin da mutane da yawa ba su san da shi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC. Rabin wannan kuɗi na gina azuzuwa ne da kayan aiki a jihohi, amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Ɗan kasuwa ya san wannan, haɗin jari ne, ka kawo naka in kawo nawa. Jihar da ba ta kawo nata ba, kasonta yana nan kwance a Abuja. Shi ya sa shekara da shekaru ake samun biliyoyin naira da ba a ɗauka ba, ga yara na zaune a ƙasa. Ni dai ban yarda duk rashi ne ba. Gwamnan da ya samu na gadar sama ai ba zai rasa na wannan ba.

Matsin yanzu kuma kamarsa daban ce. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo, rabon jihohi ya ƙaru sosai a takarda, amma darajar kuɗin ta zube. Ku da kuke canjin naira da sefa kun fi ni sani. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, sai dai litar fetur da ba ta kai 200 ba ta haura 1,000 a shekarar 2024. Malamin da ke hawa babur daga gari zuwa ƙauye sai ya zauna ya yi lissafi, kwana biyar ya koma uku.

Makarantar ruga ita ce a ƙarshen layi. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989, mai hedikwata a Kaduna, tana tsara manhaja da horar da malamai, amma turo malamin da biyansa aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. To idan malamai suka yi ƙaranci, ta cikin gari ake fara cikewa. Ardon da ke son malami, ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zai nufa tare da kwamitin iyaye. A 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai dai aiwatarwar na jan ƙafa, ƙungiyar malamai kuma ta daɗe tana ɗari-ɗari da barin albashinsu a hannun ciyamomi.

A Nijar hanyar ta fi gajarta. Yamai ce ke biyan malaman lakkol, kuma da yawansu 'yan kwantiragi ne masu ɗan abin hannu da kan makara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakoki, masu ba da tallafi daga waje suka dakatar, a watan Oktoba gwamnati ta rage kasafin shekarar da kashi 40 cikin ɗari. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Abin lura, duk motar kayan da ba ta ƙetare ba, kuɗin duwan ne bai shiga baitulmali ba, kuma daga nan ake biyan mushe. Inda ba kuɗin gini sai ajin zana, mun kuwa san haɗarinsa: gobarar Maraɗi a Nuwamban 2021 ta ci yara sama da 20.

Sai manyan makarantun Najeriya, a gurguje. Gine-ginen da kuke gani a jami'o'i da kwalejoji da tambarin TETFund daga harajin ribar kamfanoni suke, wanda aka kai kashi 3 cikin ɗari a 2023. Jami'o'i su ɗauki rabi, kwalejojin fasaha da na horon malamai su raba sauran daidai. Asusun ba ya biyan albashi, don haka za ka ga sabon gini fes, malaman na yajin aiki, kamar na wata takwas da aka yi a 2022. Jami'o'i da dama sun ƙara kuɗin rajista a 2023, gwamnati kuma ta buɗe bashin karatu na NELFUND a 2024, marar ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, kuma sai da lambar NIN da ta BVN da ta JAMB. Duk mai ɗa ko 'ya da ke shirin gama sakandare, ya yi musu katin ɗan ƙasa kafin a tashi cin rani, don ba a cike takardar neman bashin sai da shi.