Tsofaffin Wasannin Bidiyo A Kan Sabon Telebijin

A shekarar 1983 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urar wasa mai suna Famicom, wadda hotonta ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye. Ba wanda ya ga aibin haka, domin telebijin mai doro yakan narkar da ɗigogin su shiga juna. Masu zanen ma da shi suka yi lissafi. A wasan Sonic na kamfanin Sega, na 1991, ruwan da ke kwararowa daga dutse ratsi-ratsi ne kawai aka jera, sai telebijin ya gauraya su har a hango abin da ke bayan ruwan.

To, sabon telebijin shafaffe ba ya rufa asiri, ratsin ƙuru-ƙuru yake fitowa. Ga kuma matsalar lissafi. In an raba layi 1080 da 240, huɗu da rabi ake samu, watau wasu ɗigogi za su fi wasu kauri. Allo mai layi 2160 kuwa tara cif yake bayarwa.

Akwai manhajojin da ke goge kusurwoyin ɗigogi, amma sau da yawa sai fuskar Mario ta koma kamar narkakken kaki. Dabarar da ta fi ita ce a kwaikwayi tsohon telebijin, da baƙaƙen layukansa da dishi-dishinsa, kamar yadda na'urar RetroTINK ke yi. Bukatar haka kuwa ƙaruwa take, domin Sony ya daina ƙera telebijinsa na Trinitron a 2008, waɗanda suka rage suna ta mutuwa, masu gyaransu kuma sun yi ƙaranci.