Jarrabawar rubutu ta BEPC: yadda yaro zai shirya

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Abala, Sanam, Filinge da sauran ƙasar Kurfai, kowace shekara ana yin jarrabawar BEPC a farkon damina, wajen watan Yuni ko Yuli. Wannan kuwa shi ne lokacin da muke jiran ruwan shuka, kuma kowane gida yana bukatar hannu a gona.

Yaron da ya kai ga BEPC ya yi shekara 6 a firamare da shekara 4 a kwaleji. Wahalar shekara 10 ke nan. A shekarun nan rashin tsaro ya sa an rufe makarantu da yawa a jihar Tilaberi. Saboda haka duk wanda ɗansa ko ɗiyarsa ta kai wannan matsayi, kada ya yi sake. Wanda ya ci BEPC yana iya wucewa lise ko makarantar koyon sana'a.

Mene ne ake tambaya?

Cikin jarrabawar akwai wadda ƴan lakwal ke ce wa redaksiyon. Ana ba yaro magana guda, ya yi rubutu a kanta da Faransanci. Maki 20 ne, rabinsu 10. Mai gyara yana duba abu uku: ko yaron ya amsa abin da aka tambaya, ko ya jera maganarsa daki-daki, ko rubutunsa yana karantuwa ba kurakurai da yawa.

Abin da yaro zai yi a ɗakin jarrabawa

1. Ya karanta tambayar sau uku kafin ya fara. Idan an ce ya ba da labarin ranar kasuwa, labari ake so: wa ya je, me ya faru, yaya aka ƙare. Idan an ce ya faɗi ra'ayinsa, dalilai ake so. Wanda ya bar tambaya ya kama wata hanya, ya yi shuka a gonar wani.

2. Idan an ba da tambaya biyu a zaɓi ɗaya, ya ɗauki wadda ya fi sani, kada ya sake ta a tsakiya.

3. Ya fara jera tunaninsa a takardar gwaji. Rubutun yana da kashi uku: gabatarwa gajera, sai cikin magana, sai kammalawa. Kowane tunani sabo ya fara a sabon layi.

4. Ya raba lokacinsa. Idan awa 2 aka ba shi, minti 15 na karanta tambaya, minti 30 na takardar gwaji, awa 1 na rubutu mai tsabta, minti 15 na dubawa.

5. Ya yi jimloli gajeru da kalmomin da ya tabbata da su. Doguwar jimla ita ke jawo kuskure.

6. Kada ya rubuta sunansa sai wurin da aka nuna masa. Kada ya leƙa takardar wani, domin satar amsa tana sa a kori yaro.

Abin da mu iyaye za mu yi

Ko ba mu jin Faransanci, muna iya taimakawa. Da dare mu sa yaro ya ba mu labari da Hausa: yadda aka yi shukar hatsi bara, ko yadda aka kai akuya kasuwa. Idan ya tsallake wani wuri, mu tsayar da shi, mu ce: "Daga nan sai me?" Wanda ya iya jera magana da baki zai iya jera ta a takarda. Bayan haka ya rubuta labarin, ya kai wa malaminsa ya gyara.

Mako biyu kafin jarrabawa mu rage masa aiki. Ƙane ko wa ya kama masa kiwo da shuka. Ɗiya mace ma a sauke mata daka da ɗibar ruwa, domin jarrabawarta ɗaya ce da ta namiji.

Mu kula da lafiyarsa. Ya kwana cikin gidan sauro, saboda sauro yana ƙaruwa da damina. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita ran nan. Ya sami barci isasshe, kamar awa 8. Shayi mai ƙarfi da dare yana hana barci, yaro ya wayi gari da nauyin kai. Ƙwayoyi irin su taramol kuwa guba ne ga mai karatu.

Ranar jarrabawa ya karya da koko ko fura mai tsabta, ya tafi da ruwan sha. Tun daren jiya a haɗa masa takardar kira, katin lakwal da bik biyu. Yaran ƙauye su isa masaukinsu da kwana ɗaya ko biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya ba mu damina mai albarka.