Ina Makamashi Yake Tafiya?

Makamashi shi ne abin da ke sa abu ya motsa, ya yi zafi ko ya ba da haske. Ruwan da ke kwance a bayan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, yana ɗauke da makamashi ne saboda tudun da yake kai. Da zarar an buɗe masa hanya ya gangaro, ajiyar nan ta zama motsi, motsin ya juya injina, injinan suka mayar da shi lantarki, lantarkin ya bi waya har ya haska fitila a wani gida mai nisa. Shi kansa ruwan, zafin rana ne ya ɗaga shi sama ya zama girgije kafin ya sauko. A kowane mataki kama takan sauya, amma jimillar ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Wannan ita ce dokar adana makamashi, kuma a ganina babu wata doka ta kimiyya da ta fi ta cancantar a dogara da ita.

Da awo aka kafa ta. A da, masana da yawa sun ɗauka zafi wani ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga abu zuwa abu. A 1842 wani likita Bajamushe, Julius Robert Mayer, ya rubuta cewa motsi da zafi abu ɗaya ne cikin kama biyu. James Joule na Ingila kuwa ya zauna ya auna. Ya rataya nauyi da igiya, nauyin yana saukowa yana juya filafilai a cikin tukunyar ruwa, shi kuma yana duba ɗan ɗumin da ruwan ya ƙara. Ya maimaita da wasu hanyoyi, har da lantarki, amsar tana dawowa kusan iri ɗaya: aiki kaza yana haifar da zafi kaza. A ma'aunin da aka sa wa sunansa, joule 4.2 ke ɗumama giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. A 1847 Hermann Helmholtz ya tsara dokar da lissafi.

Mai hankali zai tambaya: in makamashi ba ya ɓacewa, me ya sa fetur ke ƙarewa a janareta? Tambayar tana kan hanya, amsarta kuma tana jikin injin, wanda ba ya taɓuwa don zafi. Fiye da kashi biyu cikin uku na makamashin fetur ɗin yana fita ne ta salansa da jikin ƙarfe a matsayin zafi, kaɗan kuma ƙara. Ragowar da ta zama lantarki ita ma a zafi take ƙarewa, bayan ta juya fanka ko ta haska ɗaki. Babu ko ɗigo da ya salwanta, sai dai ya bazu cikin iska, kuma zafin da ya bazu ba ya tattaruwa da kansa ya koma tanki, kamar gishirin da ya narke a rijiya. Abin da muke biyan kuɗi a kai shi ne makamashin da ke tare wuri guda, wanda za a iya sa wa aiki.

Wani kuma zai ce ai masana sun sha yin kuskure, wa ya ce wannan ma ba za ta rushe ba? An taɓa zuwa dab da haka. A shekarun 1920 an lura cewa idan wasu ƙwayoyin zarra suka farfashe, makamashin da ke fita bai kai wanda lissafi ya nuna ba, har babban masani Niels Bohr ya yarda a yi tunanin sassauta dokar. Wolfgang Pauli ya ƙi. A 1930 ya ce lalle akwai wata ƙwaya da ba a gani, ita ke tafiya da giɓin. Shekara 26 bayan haka, a 1956, Clyde Cowan da Frederick Reines suka gano ta a gefen wata tukunyar nukiliya a Amurka. Ita ce nutrino. Dokar da ake shirin jefarwa ita ta nuna inda za a duba.

Saboda haka nake jin takaicin yadda ake tallar janareta marar mai ga mutanen da rashin wuta ya gallaba. Tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta daina duba injinan da ake cewa suna juyawa har abada da kansu. Tsarin na yau bai sauya ba: batir ya juya injin lantarki, shi kuma ya juya dinamo, dinamon ya mayar wa batir caji. A kowane zagaye waya tana ɗumi, ƙarfe yana gogar ƙarfe, don haka abin da ke komawa batir bai kai abin da ya fita ba, tun kafin a jona ko kwan fitila ɗaya. Injin zai yi ta juyawa a gaban mai saye har cajin da aka zuba masa daga wani wuri ya ƙare.